Yoyo

Shekara talatin da takwas ina bin sawun ruwa
a gidajen Valparaíso.
In kara kunne a bango, in ce wa mai gida:
fasa nan.
A fasa, a tarar da bututu yana hawaye.
Ba ni da wata baiwa sai wannan.

Yau ni ne gidan.

Gwiwar hagu na kai musu, ita kaɗai.
Garinmu matakala ne a kan matakala,
ɗari da sittin da biyu daga titi zuwa ƙofata,
su suka cinye ta.
Ni na zaɓi wuƙar, ba wanda ya matsa mini.
Aka sa ranar tiyata, sha tara ga Yuni.
Herminia ta zagaye ta da jan biro a kalanda,
ta sayo mini sababbin silifas.

Sai gwajin jini, na al'ada ne kawai, in ji su.
Likita Zúñiga ta cire tabarau,
ta ɗora a kan takardar kamar iska za ta ɗauke ta.
"Don Baltasar, jininka yana tafiya wani wuri."
Na ce, ina?
Ta ce, "Abin da za mu nema ke nan."

Sun zura fitila ta maƙogwaro, ba su ga kowa ba.
Sun zura ta ƙasa, na bar kunyata a ƙofa tare da wandona,
nan ma tsaf.
Suka ba ni kyamara mai girman ƙwayar magani,
na haɗiye da ruwa rabin kofi.
Awa takwas tana yawo a hanjina, tana ƙyafta ido,
ta dawo da dubban hotuna
na lungu mai laima, babu ɓarawo.

Amma lambar tana sauka.
Sha uku. Goma. Takwas da ɗigo huɗu.
Leda biyu na jinin wani aka ɗura mini,
ban san sunansa ba, ina yi masa fatan alheri.
Maganin da suka rubuta ɗanɗanon tsohon makulli gare shi.

Ruwa ba ya tsami banza, na sani,
da wannan maganar na ciyar da 'ya'ya uku.
Sai dai ban taɓa gaya wa mai gida
"watakila ya tsaya da kansa" ba.
Ni an gaya mini, da murya mai taushi.

Akwai dabarar da nake koya wa yaran aiki:
rufe kowane famfo, ka je ka tsaya gaban mita.
In allura ta motsa, gidan yana ɓoye maka magana.
Da dare nakan gwada a kaina.
In kwanta rigingine, in riƙe numfashi, in kasa kunne.
Jirgin ruwa yana kira daga tasha.
Ruwan sama a kan kwano.
Herminia tana yin barcin ƙarya, ina jin ta,
ita ma sauraro take yi.
Ta bayan bango kuma, tankin bayin Aníbal,
ɗis,
ɗis.
Wannan kam na san ciwonsa, roba ce ta mutu.

Sha tara ga wata ta zo, ta wuce ta gabanmu.
Ba mu gaisa ba.
An ba da gadona ga wata mata daga Quilpué,
Allah ya ba ta lafiya.

Akwai sabon zagaye a Agusta, da fensir wannan karon.
Silifas suna cikin ledarsu a kan kabad.

Da safe na ɗauki sifana na ƙwanƙwasa wa Aníbal.
Matakala tara ce tsakaninmu, na huta sau biyu.
Ya dubi fuskata, ya ce na yi fari.
Na ce ba ni hanya,
akwai abin da zan iya tsayarwa yau.